Farauta a Kan Katifa

Duk wanda yake neman shawara a kan madubin saitin bindiga mai ganin ɗumin jiki cikin duhu, irin wanda maharban Turai ke ɗaura wa bindigoginsu saboda barewa da yanyawa, ya zo wurina. Zan zaunar da shi, in tambaye shi dajin da zai shiga, sarari ne ko surƙuƙi, da nisan da ya saba harbi, da kuma nauyin aljihunsa. Zan warware masa bambancin da ke tsakanin kayan Pulsar da na Hikmicro da na InfiRay, ɗaya bayan ɗaya, kafin shayinsa ya huce ya san abin da ya dace da shi. Alfarma ɗaya kawai nake nema: kada ya tambaye ni dabbar da na taɓa harbowa. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Ragon layya ma maƙwabci nake miƙa wa wuƙa, in koma gefe ina kabbara da ƙarfi, idona a kan bango.

A Madina nake zaune. Da rana ina shagon dabino, ina auna wa alhazai ajwa da safawi da anbara, ina yi wa mutanen Kano da Katsina da Damagaram tafinta idan ciniki ya cije. Mutane suna yi mini kallon mai natsuwa. Ba na shan taba, ba na caca, ba na bin ƙwallo. Amma in dare ya raba, iyali sun yi barci, sai in juya wa bango fuska, in rage hasken waya, in shiga aikin da na fi ƙwarewa a kai a duniya: zaɓen abin da ba zan saya ba.

Ciwon ya daɗe a jikina. Na taɓa zaɓen keken hawan dutse, na taɓa zaɓen injin niƙa gahawa alhali shayi nake sha. Sai dai duk waɗannan zazzaɓin damina ne, su zo su wuce. Madubin nan shi ne ya kwantar da ni.

Abin ya faro a 2020, lokacin annobar korona, da aka kakkafa kyamarorin auna zafin jiki a mashigan Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kowa na wucewa yana addu'ar kada a tsayar da shi, ni kuwa ina jan ƙafa ina leƙen allon ma'aikaci. Ga mutane nan sun zama ja da rawaya, goshi na haske, hanci ya yi duhu-duhu. Na koma gida na tambayi intanet yadda abin yake aiki. Daga wannan tambaya guda aka ja ni, aka yi ta ja, har na tsinci kaina a gonakin Ingila da tsaunukan Sikotilan, ina kallon bidiyon mutanen da ke kwana a waje cikin sanyi suna dakon yanyawar da ke ɗauke musu 'yan raguna da kaji.

Bari in nuna muku zurfin ramin, don ku san ba da wasa na faɗa ba.

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. William Herschel ne ya fara gano shi a 1800, da ya raba hasken rana zuwa launuka, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Madubin da nake magana a kai wannan hasken yake kamawa. Bai damu da wata ko tauraro ko tocila ba. A cikinsa akwai wani ɗan faranti da aka jera wa dubban ƙwayoyi masu jin zafi, kowace ƙwaya tana faɗin ɗumin da ya sauka a kanta, na'ura ta haɗa bayanan ta zana hoto. A nan rigimar farko take. Akwai faranti mai ƙwayoyi 384 sau 288, akwai mai 640 sau 512, wanda ya kusa ninka na farko sau uku. Na biyun ya fi fitar da hoto tas, ya fi faɗin gani, ya kuma fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Na sha yanke hukunci a kan wannan, kuma na sha ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da na yanke.

Sai girman ƙwayar kanta, maikuron 12 ko 17. Sai kaifin jin zafi, wanda ake aunawa da milikelbin: idan aka rubuta 25, ana nufin na'urar tana iya bambance abubuwa biyu da ratar zafinsu ba ta wuce kashi 25 cikin 1,000 na digiri ɗaya ba. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon kyan madubin, musamman ranar da ake yayyafi ko hazo ya sauka, lokacin da ciyawa da ƙasa da kututture duk suke komawa ɗumi ɗaya. Na ba wannan batu muhimmanci ƙwarai, ni da nake garin da ake iya shafe watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Sai yawan hoton da yake nunawa a sakan guda: 50 shi ne abin nema, don in dabba ta zabura kada hoton ya riƙa tsalle. Na san har Amurka ta daɗe tana tsaurara fitar da na'urorin da suka haura hoto 9 a sakan zuwa ƙasashen waje, saboda kaya ne da soja ma ke amfani da su.

Idon madubin ba gilashi ba ne, domin gilashin taga tare wannan hasken yake yi. Da wani ma'adini mai tsada ake yin sa, jamaniyam. Ranar da na ji cewa ƙasar Sin ta sa takunkumi a kan fitar da jamaniyam daga watan Agustan 2023, na wuni raina a ɓace. Wani alhaji ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mana a gida. Na ce masa a'a, al'amuran kasuwar duniya ne. Ya yi mini addu'ar Allah ya mayar da alheri.

Na kuma san abin da masu talla ba sa son faɗa. Za su rubuta cewa madubi yana hango dabba daga nisan da ya haura kilomita ɗaya da rabi. Gaskiya ne, amma abin da za ka gani farin ɗigo ne kawai. Sanin cewa ɗigon nan yanyawa ce, ba karen makiyayi ba, ba ɗan akuya ba, ba kuma yaron da ya tsuguna a bayan shinge ba, sai an matso sosai. Madubin ba ya nuna siraran rassan da ke tsakaninka da dabba yadda ya kamata, kuma ƙahon barewar Turai da ya riga ya bushe ba shi da ɗumin da zai fito a hoto. Saboda haka maharba da yawa suke riƙe na hannu don nema, su bar madubin gilashi na gargajiya a kan bindiga. Doka ma ta bambanta dabbobin biyu: a Ingila ana iya harbin yanyawa da dare, amma harbin barewa da dare sai da lasisi na musamman, kamar yadda dokar barewa ta 1991 ta tanada. Sikotilan kuwa sai a 2023 ta halatta ɗaura irin wannan madubi don barewa. Duk wannan na haddace shi. Lambar wayar mai ɗakina kuwa sai na duba.

Mai kyau daga ciki yana iya kai dala 5,000, wato riyal 18,750. Na lissafa yawan kwalin ajwar da zan sayar kafin in tara hakan, na ga lissafin ba ya da daɗin ji, sai na bar shi na koma kwatanta batir.

To ko da kuɗin sun faɗo daga sama, ina zan kai shi? Allah da ikonsa, a duk faɗin duniya bai ajiye ni ko'ina ba sai a ɗaya daga cikin garuruwa biyu da aka haramta taɓa dabbar dawa a cikinsu. Haramin Madina ya kama daga dutsen Airu a kudu zuwa ɗan dutsen Sauru da ke bayan Uhudu a arewa, tsakanin filayen baƙin dutse biyu na gabas da yamma. Ba a farauta a ciki, ba a sare itacensa. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya ba mu da ma hanyar cewa ba mu sani ba, don Imamu Malik, wanda kabarinsa ke nan Baƙi'a, ya ware wa batun babi a Muwaɗɗa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne dabbobin da aka ambata a babin. An ruwaito cewa Abu Huraira ya faɗi cewa ko barewa ya gani tana kiwo a Madina ba zai firgita ta ba. An kuma ruwaito cewa Abu Ayyubal Ansari ya tarar da wasu yara sun ritsa yanyawa a wani lungu, ya kore su daga kanta. Barewa da yanyawa. Su biyun nan da nake kwana ina zaɓar wa madubi, su ne aka riga aka tsaya musu tun zamanin sahabbai, a garin da nake kwance. Ni kuwa da na karanta babin, abin da idona ya fara nema a sharhi shi ne inda malamanmu suka ce wanda ya yi farauta a haramin Madina ya yi laifi amma ba a ɗora masa fansar dabba irin ta Makka. Mutumin da bai iya yanka kaza ba, har ya fara neman sassauci.

In ka fita daga harami, sai ka tarar da hukuma a tsaye. Cibiyar kula da namun daji ta Saudiyya ita ke buɗe lokacin farauta, daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, da lasisin da ake nema ta manhajar Fitri. Abin da aka yarda a farauta wasu nau'o'in tsuntsaye ne da aka lissafa, da bindigar iska mai rajista ko da shaho. Barewa da mariri da akuyar dutse da namun dawa masu cin nama duk an ce a ɗauke hannu. Tarar kashe damisar Larabawa kaɗai riyal 400,000 ce, kuma akwai runduna ta musamman da ke sintiri saboda muhalli. A Al'ula, cikin lardin Madina ɗin nan, fiye da kilomita 300 arewa da mu, an keɓe gandun Shar'an tun 2019, ana sakin barewa da akuyar dutse da mariri don su sake hayayyafa bayan da motoci da bindigogin zamani suka kusa ƙarar da su. A ƙasashe da dama masu gadin gandun daji da irin wannan na'urar suke ƙirga dabbobi, su kuma kama masu farautar sata. Wato in har akwai rawar da zan taka a wannan harka a yankin nan, ni ne farin ɗigon da wani zai hango.

Ƙasar ma ba ta goyi bayana ba. Ina da wani aboki mutumin Maraɗi, mai gyaran wutar lantarki, yana da 'yar kyamarar zafi da ake sokawa a gindin waya, da ita yake gano wayar da ta ɗau zafi a cikin bango. Na bi shi da lallashi har ya yarda ya raka ni bayan gari wata rana bayan isha'i, a tsakiyar bazara. Saboda tsantseni na sa muka wuce alamar iyakar harami tukuna, ko da yake makaminmu bai wuce waya da gorar ruwa ba. Muka tsaya a bakin Harratu Rahat, filin baƙin dutsen da aman wuta ya shimfiɗa, wanda na ƙarshensa ya ɓarke a 1256 har narkakken dutse ya doso kusa da gari. Na ɗaga waya cikin isa, na fara shara daga hagu zuwa dama yadda na ga ana yi a bidiyo.

Komai fari fat. Dutsen da ya wuni yana shan ranar da ta haura digiri 45 bai gama amayar da zafinsa ba. Jikin barewa wajen digiri 39 ne, kenan ko garke guda ne ya kwanta a gabanmu, duwatsun za su haɗiye shi. Na san wannan a karatu, na ma taɓa yi wa wani bayaninsa, amma ban taɓa kawo shi kan Madina ba.

Abokina ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Malam, ina barewar?”

Na ce, “Ka yi haƙuri, mutumina, yanayi ne bai ba da dama ba.”

Ya ce, “To ga wani abu can yana motsi.”

Zuciyata ta buga. Na daidaita hannu, na riƙe numfashi. Mage ce, ta fito daga wajen wani shingen awaki, ta dube mu ta yi gaba. Na ja da baya har na taka dutse na kusa faɗuwa. Shi kuwa ya yi dariya har da riƙe mota.

A gida ne na'urar ta yi suna. Na dafa bango na ɗauke hannu, sawun yatsuna biyar ya tsaya yana haske. Ƙaramar 'yata ta ruga a kan tayil, muka bi sawun ƙafarta har bayan labule inda ta ɓuya. Mai ɗakina ta tsaya tana kallonmu, ta ce, “Malam, tunda abin naka zafi da sanyi yake gani, zo ka duba mini firijin nan da nake ta yi maka magana.” Na haska. Ga sanyi nan yana tsiyaya ta gefen ƙofa, inda robar ta saki. Iyakar abin da na taɓa farautowa ke nan.

Ta ce a sayi sabo, na ce ta bar mini zaɓe, ai fagena ne. Na buɗe jadawali: cin wuta, girman ciki, ƙarar inji, garanti. Azumi ya zo ya wuce, ana jiƙa tawul ana naɗe gorar ruwa. Ran nan na dawo daga shago na tarar da sabon firiji a kicin. Ita da ƙaninta suka je tsakanin la'asar da magariba suka ɗauko. Na zagaya shi, na duba takardarsa, na ce wannan ai shi ne na huɗu a jerina. Ta ce, “Na huɗun yana sanyaya ruwa. Na ɗayan fa?”

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne gidan da na fito. Kakana na wajen uwa Sarkin Baka ne a ƙauyenmu, a ƙasar Katsina. Na tashi na ga burtunsa rataye a zaure: busasshen kan tsuntsun da aka ɗora a kan lanƙwasasshen ice, da igiyar ɗaurawa a goshi. Da rani, bayan an kau da amfanin gona, sai ya ɗaura shi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa. Ya ɗebi ƙura ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa. Daga nan sai rarrafe, yana sunkuyar da kai yana ɗagowa, yana kwaikwayon tsuntsu mai tsince-tsince, ƙaya na shiga gwiwa, har ya isa inda adakarsa za ta iya kaiwa. Bindiga ce ta ɗuri, a zuba albarushi ta baki a danna, harbi ɗaya ne, in ka kuskure sai wata rana. Da ya dubi sawu zai gaya maka ko gada ce ko barewa, ko jiya ta wuce ko da asuba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidanmu rarrafen ma kakan ne ya yi shi. Jikan a kwance yake.

Na taɓa ƙoƙarin yi wa kawuna bayanin madubin ta waya, shi da ya yi ta bin mahaifinsa daji yana riƙe masa gafaka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To ɗana, in abin ya nuna maka ita tun daga nesa, cikin dare, ita ba ta gan ka ba, ba ta ji warinka ba, kai mene ne aikinka?” Na ce danna kunama. Ya ce, “Wannan ai ko jikata za ta iya.” Ban gaya masa cewa ni ba zan iya ba.

Na zauna na binciki kaina, na gano cewa ba nama nake so ba, ba kuma kisa ba. In da gaske aka ce ga barewa a gabana ga bindiga, ni zan fara yin tari don ta gudu. Abin da nake so shi ne zaɓen kansa. Wanda ya saya ya gama yawo: ya ɗauki guda ɗaya da aibinsa, dole ya tashi cikin dare, ya sha sanyi, ya kuskure, ya dawo hannu rabbana mutane su gani. Wanda yake kan zaɓe kuwa duka nasa ne. Bai taɓa kuskure ba, batirinsa bai taɓa mutuwa ba, kuma yana da damar girgiza kai idan ya ga abin da wasu suka saya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka ne, amma mai hange ba ya biyan kuɗin mota, ba ya kuma shan ƙura. Kakana ya biya gwanintarsa da gwiwa da ƙaya. Ni na samo hanyar jin daɗin gwaninta da kuɗin data.

Da a ce zan iya cewa na tuba, da na faɗa. Na gwada. Na goge jadawalin, na daina bin masu bidiyon, na ɗauki littafi na ajiye a gefen katifa. Sai dai masu ƙera kayan nan sun san irina, kuma sun san muna da yawa. Kowace shekara ana baje kolin kayan harbi a Las Begas cikin Janairu, a sake wani a Nurambag ta Jamus kafin bazarar Turai, kamfanoni su fito da sababbi: wannan yana auna nisa da kansa, wancan farantinsa ya ƙaru, wani batirinsa ya fi daɗewa. Nan take wanda na kusa tsayar da rai a kansa ya zama tsohon yayi, duk wahalar da na sha ta bi ruwa.

Mai hankali baƙin ciki zai yi. Ni da labarin ya iso ni bana, ina cikin ɗaure wa wata hajiya kwalin safawi, sai na ji murmushi ya suɓuce mini. Hajiya ta ce, “Ɗan nan, albishir aka yi maka?” Na ce, “Eh, Hajiya, aiki ne ya dawo sabo.” Ta ce Allah ya sa albarka a ciki. Na amsa da amin, na kuma yi mata ragin riyal 5 saboda nauyin addu'ar da na sa ta yi.